Sadiq, karanta wannan kafin ka sake kiran ejan ɗin nan

Assalamu alaikum Sadiq. Ya Kano, ya su Baffanka da mutan gidan. Rubutowa na yi don in na kira ka sai ka yi ta "to Baba, to Baba" alhali na san hankalinka ba ya wurin.

Addarka ta faɗa min komai, kar ka ji haushinta, ni na matsa mata. Ta ce wani ejan ya ce zai shigar da kai Amurka ta Nikaragua da Meziko, wai tunda ba ka cika 18 ba kana miƙa kanka a boda shikenan ba sa koro yara, kwana biyu za su damƙa ka hannun Hammanka Usman. Kuma wai a sayar da gonar Dadin Kowa a biya shi. To ni ban ce ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, irin dillalin kasuwar shanu ne, zai nuna maka tozo da ƙaho amma ba zai buɗe bakin san ka ga haƙora ba. Na zauna na bi maganar, na tambayi waɗanda suka sani, ga abin da ya ɓoye maka.

E, akwai doka tun 2008 da ta ce yaron da ya shigo shi kaɗai babu uba babu uwa, in ba ɗan Meziko ko Kanada ba ne, jami'an boda ba za su riƙe shi ya wuce awa 72 ba, sai su miƙa shi ga wani ofishi da ake kira ORR a ƙarƙashin ma'aikatar lafiyarsu. Amma ka san inda ake yin awa 72 ɗin? Ɗaki ne na siminti mai sanyin tsiya, fitila a kunne dare da rana, bargon da za a ba ka wata 'yar leda ce mai ƙyalli, a karɓe maka belt da igiyar takalmi da waya. Kai da hunturun Gombe ma sai Ummanka ta haɗa maka bargo biyu. Daga nan a kai ka gidan ajiye yara, akwai abinci akwai aji, ban hana ba, amma ƙofa a kulle take, ba ka fita sai wani ya zo ya tsaya maka.

To nan fa maganar take, wa zai tsaya maka? Usman. Kuma ni da kai mun san bizar Usman ta ƙare tuntuni, aikin kai saƙon abinci yake yana kaffa-kaffa, ko 'yan sanda ya gani a hanya sai gabansa ya faɗi. Mai karɓar yaro dole ya kai kansa, ya ba da adireshin gidansa, ya nuna katin shaida da inda yake samun kuɗi, a ɗauki hoton yatsunsa, kuma daga 2025 suka ƙara tsaurarawa, duk baligin da ke kwana a gidan sai an ɗauki nasa yatsun, ga gwajin DNA don a tabbatar da gaske jini ɗaya ne. Usman da mutum nawa suke haya a ɗakin nan? Kana ganin abokan zamansa za su yarda su je su dangwala yatsa saboda ƙanin wani? A 2018 cikin 'yan watanni hukumar ICE, wato 'yan imigireshan ɗinsu masu kame, ta kama mutum 170 daga cikin waɗanda suka fito neman karɓar yara, kuma yawancinsu ba su da wani laifi sai rashin takarda. Kenan kana can a kulle kana jiran Hammanka, shi kuma yana waje yana lissafin in ya zo shi ma a kulle shi. Na san Usman, zai zo, wallahi zai zo don ba zai iya barinka ba, kuma abin da ke hana ni barci kenan, in wayi gari 'ya'yana biyu suna hannu.

Sannan lissafin shekarunka. Watan Maris za ka cika 18, ejan bai duba wannan ba ko ya duba ya yi shiru. Ita kariyar ta yara ce, ranar da ka cika 18 ORR ta gama da kai, yara da yawa a ranar haihuwar tasu ake zuwa da safe a sa musu ankwa a wuce da su gidan tsare manya. Tafiyar kanta wata nawa za ta ci, binciken Usman wata nawa? Kuma ko an sake ka ba takarda aka ba ka ba, shari'ar korarka tana nan a kotu tana jiranka, kuma a kotun shige da fice gwamnati ba ta ba mutum lauya kyauta, ko yaro ne, in ba ka da kuɗi ko wata ƙungiya ba ta taimaka ba kai kaɗai za ka tsaya gaban alƙali da lauyan gwamnati. Talauci da rashin aiki kuma ba sa cikin dalilan ba da mafaka, sai wanda ake farauta saboda addininsa ko ƙabilarsa ko siyasa da makamantansu.

Shi ya sa ya koya maka abin da Addarka ta faɗa min tana kuka, wai ka ce Boko Haram sun kashe iyayenka. Sadiq. Ni da Ummanka muna raye muna cin tuwo a Jekadafari za ka je ka rantse gaban hukuma cewa mun mutu? Akwai yaran da da gaske hakan ta same su, ka gan su da idonka lokacin da mutanen Borno da Yobe suka cika garin nan, wasu ajinku ɗaya, masifarsu za ka ara ka yafa? Bar ma batun zunubin, ma'aikatan can suna neman takardar haihuwa, suna neman iyayen yaro a waya, in sun kira ni in ce musu me, ni ne marigayin? Kuma in aka kama ka da ƙarya a neman mafaka ƙofar na iya rufuwa har abada, ko nan gaba ka samu hanyar halal.

Kar ka ce ai Amurka ce akwai tsari. A 2018 gwamnatin Trump ta raba dubban yara da iyayensu a bodar nan da gangan, har sautin kukan ƙananan ya fito duniya ta ji, Trump ya sa hannu a wata takardar umarni a watan Yuni aka ce an daina, amma da aka zo haɗa su sai aka tarar ba a ma rubuta wane ɗan wane ba yadda ya kamata, an riga an koro iyaye da yawa, shekara shida bayan nan sama da yara 1,000 ba a tabbatar sun koma hannun iyayensu ba. Waɗannan fa da iyayensu suka zo riƙe da hannu. A hanya kuma, Maris 2023 gobara ta tashi a gidan tsare baƙi a Juwarez ta Meziko, mutum 40 suka mutu ƙofa a kulle. Mu nan ma ba baƙon abu ba ne, ka tuna matar nan ta bayan layinmu da aka kamo a Saudiyya aka yi mata tarhil ita kaɗai, yaranta biyu suka rage can hannun maƙwabta, kullum tana bakin shagon caji da 'yar wayarta tana jiran kira.

Na san abin da ke cinka, ka ga abokanka a Facebook da jaket cikin dusar ƙanƙara, ka ga JAMB ta ƙi, ka ga ni fansho sai an ga dama. Ban raina wannan ba. Amma gonar Dadin Kowa ba ta sayuwa don wannan tafiya, na faɗa maka yau don kar ka sa rai. In karatu ne a sake JAMB, ga jami'ar jiha a nan cikin gari ga ta Kashere, in ka gama kana son fita ka nema ta bizar karatu da fasfonka da sunanka na gaskiya, a wannan ko shanun ne sai mu duba.

Kar ka tura wa mutumin nan ko sisi, in ya karɓi fasfonka ka faɗa wa Baffanka yau ɗin nan su je tare a karɓo. Na yi magana da Usman jiya, ashe bai ma san da shirin ba, zai kira ka daren Asabar, ka ɗauka. Na tura kuɗin mota ta akawun ɗin Baffanka, ka shigo ranar Juma'a mu yi sauran maganar ido da ido. Ummanka ba ta san zancen mutuwar nan ba kuma ba ni da niyyar faɗa mata, kai ma kar ka soma.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka