Tsohuwa ta ɗaga haro

Assalamu alaikum, mutumin birni.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin can? Mu nan Sakkwato rana ta buɗe, ƙarfe ma ba ya taɓuwa da azahar. Akwai abin da nake son tambayarka, amma bari in fara da albishir: Tsohuwa ta tashi. E, jar tarakta ta Baba, wadda ka rantse gara a auna ta a kilo a ba 'yan gwangwan. Ka shirya goron tuba.

Ka san halinta tun bara. Da safe ta ɗaga haro lafiya lau, da rana ta take sai hannuwan baya su fara rawa, haron ya riƙa sauka a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. Ranar da ta kunyata ni a fadamar Kwalkwalawa, mai gona na tsaye da 'yan ƙwadagonsa, har wani yaro ya ce ko a kawo shanu. Bakaniken farko ko murfi bai buɗe ba ya ce famfon haidirolik, mai tura man da ke ɗaga haron, ya mutu, in kawo kuɗin sabo. Saura kaɗan in sai da ragon layya.

Kawu ne ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi aikin taraktocin gwamnati tun muna 'yan firamare. Ya zaro sandar awon mai ta baya, ya murza a yatsa, ya ce, "Wanga ba mai ba ne, nono na." Fari fat, wallahi. Ashe robar da ke gindin sandar giya ta yage, damina guda Tsohuwa tana ajiye ƙarƙashin dogon yaro, ruwa na bin sandar yana shiga ciki. Kuma a Massey Ferguson irin wannan, 165, mai ɗaya ne ke yi wa giyabos da ƙafafun baya da haidirolik aiki, famfon ma a cikinsa yake a nutse. In man ya lalace, kowa ya sha. Dattijon ya ce a 1975 aka daina ƙera irinta, ka ga ta girme mu duka.

Mun ɗaga murfin da ke ƙarƙashin kujera, mu uku, har ƙanena ya matse yatsa (shi da ya zo kallo). Matatar famfon ta toshe da wani baƙin taɓo da ɓarɓashin ƙarfe. Muka wanke da kananzir. Robobin bututun da ke kai mai sama zuwa silinda sun bushe, ka lanƙwasa su karye kamar taliya. Su da zoben fistan, daga Ƙofar Ruwa ta Kano aka sako mana a mota, kuɗinsu bai kai na buhun taki ba.

Af, ɗan autan Inna ya samu gurbi a Jami'ar Ɗanfodiyo, yanzu ko ruwa aka aike shi sai ya ce yana da lakca. Kuma maganar auren nan da ka sani ta watse, a kan akwati. Sai ka zo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na gaba. Tsohuwa mai Multi-Power ce (tsarin giya da ke ƙara ko rage gudu ba sai an taka kuloci ba), tana da ɗan ƙaramin lagireto a gaban babban, wanda ke sanyaya man giya. Muka tarar ƙaiƙayin shinkafa ya cushe shi, har da gidan zanzaro biyu, sannan wani gwani can baya ya cire tiyo ya haɗa kai tsaye, man ba ya ma bi ta ciki. Shi ya sa da zafi ya yi yake tsinkewa kamar ruwa. Mun kai wa mai faci ya busa da iska, muka sa sabbin tiyo, muka zuba sabon mai.

Dattijon ya ce a ɗaga haro a kashe inji a bar shi ya kwana. Ban yi barcin kirki ba. Da asuba kafin masallaci na fita da tocila, na same shi a sama, ko ɗan yatsa bai sauka ba. Jibi za mu Wurno, mutum uku sun ba da kafin alƙalami.

Tambayar da na ce zan yi maka ta shige mini. In na tuna na kira. Ka gai da uwargida, ka ce mata albasarta na nan, sai an samu mai zuwa.

Naka,
Direban Tsohuwa