Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa

Mai girma Minista, barka da aiki, Allah ya taya ka riƙo.

A watan Nuwamban 2025 ka tsaya a Abuja ka soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, ka ce daga yanzu sai Turanci tun daga rabin aji har jami'a. Hujjarka ita ce ana faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi tsarin.

Ranka ya daɗe, mu yi lissafi. A Nuwamban 2022 Malam Adamu Adamu, Ministan Ilimi na wancan lokacin, ya sanar da tsarin. Yaron da ya shiga aji ɗaya a lokacin bai wuce aji huɗu ba ranar da ka soke shi. Wace WAEC ya zauna? Shi kansa Malam Adamu ya faɗa tun a ranar cewa sai an samar da littattafai da malamai kafin abin ya kankama. Ina littattafan? Ina malaman da aka horar? In kuma tsarin 1977 kake nufi, wanda ya ce a fara shekarun farko da harshen gida, shi ma a takarda ya tsufa. Kai likita ne. Maganin da ba a taɓa ba majinyaci ba, ta yaya za a rubuta cewa shi ya kashe shi?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne an ɗauka rubutu wani abu ne mai zaman kansa da za a ɗura wa yaro. Ba haka karatu yake ba. Yaro ɗan shekara shida yana zuwa makaranta da bakinsa cike da magana: yana ciniki, yana tatsuniya, yana ma iya ƙarya mai tsari. Aikin malami shi ne ya nuna masa cewa baƙaƙen da ke kan allo su ne maganar nan da ya riga ya sani. Ranar da ya haɗa baƙi da wasali ya ji kalmar gidansu ta fito, ya iya karatu ke nan, saura ƙwarewa. Rubutun Hausa ya sauƙaƙa wannan, domin galibi yadda aka rubuta haka ake faɗa. Ko abin da ba ma rubutawa, wato karin sauti da tsawon wasali, kunnen yaron ne ke cike gurbinsa. Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗauke da sauti sama da 40, wanda bai ji harshen ba bai da abin dafawa. Sai hadda. Ya rera shafi guda ba tuntuɓe, ka tambaye shi me aka ce, ya sunkuyar da kai.

Ka shigo ajinmu ka gani. Malam ya rubuta Turanci a allo, ya juyo ya yi bayani da Hausa, yara su kwafe abin da ba su gane ba. Umarninka ba zai canza bakin malamin nan ba, wallahi. Littafin da zai dace da bakin ne kawai ka hana.

Kuma ba a yau aka gwada ba. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci aikin koyar da yara da Yarabanci shekara shida a Ile-Ife, ana ba su Turanci a matsayin darasi, ba su kuwa koma baya a Turancin ba. Kujerar da kake kai ya zauna daga baya, rahotonsa ba zai yi maka wuyar samu ba. Ga littattafan Mu Karanta, na koyon karatu da Hausa, da aka yi aiki da su a Bauchi da Sakkwato. Nijar ma ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025.

Babu uban da ba ya son ɗansa ya iya Turanci, mu ma muna so. Don Allah ka fitar da alƙaluman da ka dogara da su, jiha bayan jiha, kowa ya gani. Sannan ka bar mana aji ɗaya zuwa uku mu koyar da karatu da harshen da yaro ke ji, Turanci ya zama darasi na kullum tun ranar farko.

Naka,
Wani malamin firamare daga Kano