Rahoton ayyukan ƙungiyarmu na shekarar 2023: ambaliya da katin zaɓe

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne, 'yan uwa mambobi na gida Haɗeja da waɗanda ke ci-rani. Kamar yadda aka saba duk ƙarshen shekara ga bayanin abin da muka yi. Lissafin kuɗi ma'aji zai karanto shi ranar mitin, ni nawa aikin ne kawai.

Aikin bana duk ya samo asali ne daga ruwan 2022, wanda babu mai buƙatar a tuna masa. A faɗin Najeriya sama da mutum 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, Jigawa kuma tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Mu nan kogin Haɗeja ne ya tumbatsa, ruwan da ke gangarowa daga madatsun ruwa na Tiga da Challawa ya zo ya tarar ciyawar kachalla ta toshe masa hanya sai ya bi gonaki da gidaje, Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma, Guri duk ba wanda ya tsira, shinkafar da ake saura kaɗan a yanka haka aka zuba mata ido.

Toh abin da ya ja hankalinmu shi ne kwanan wata. An rufe rajistar masu zaɓe ranar 31 ga Yuli 2022, kuma a lokacin rajistar ne ake neman sabon kati idan naka ya ɓata, ko a canja maka rumfa idan ka tashi. Ruwan kuma sai a Agusta da Satumba ya yi ƙarfi. Kenan duk wanda katinsa ya tafi da ruwa ƙofa ta riga ta rufe, ga shi ba kati ba zaɓe, sai da shi ake zuwa gaban BVAS, na'urar tantance masu zaɓe. Mutane na cewa ai Fabrairu rani ne me ya haɗa ambaliya da zaɓe, wallahi ruwan ya gama aikinsa tun wata biyar kafin ranar.

Da muka zaga gida-gida a Janairu akwai wani baba da ya fito mana da akwatin ƙarfensa, ya buɗe, takardun gona da katin asibiti duk sun manne sun zama dunƙule ɗaya, katin zaɓen kam babu shi ko sama ko ƙasa. Ya ce ɗana tun 1999 ban taɓa fashi ba. Ba mu da abin ce masa sai haƙuri, kuma har yau abin yana ci min rai. Wata gwaggo kuwa nata a ƙulle yake cikin leda a bakin zani tare da 'yan canjinta, haka ta haye kwale-kwale da shi, amma ta koma wajen ɗanta a Kano rumfarta kuma tana ƙauye.

Babban aikinmu na farko karɓar kati ne. An fara rabo 12 ga Disamba 2022, aka sauko da shi mazaɓu 6 ga Janairu, aka yi ta ƙara wa'adi har 5 ga Fabrairu. Samarinmu masu babura sun yi ta jigilar tsofaffi da mata kyauta, Allah ya saka musu, mai ma a lokacin sai an kwana a layi.

Ranar 25 ga Fabrairu, ranar zaɓen shugaban ƙasa, mun so mu ɗauko mutanenmu da suka watsu mu kai su rumfunansu, a nan ne muka gaza kuma gara in faɗa. Canjin kuɗi ya zo, tsabar kuɗi babu, direba ba ya karɓar tiransifa, 'yan POS sun rufe. Kaɗan muka iya kaiwa. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris an ɗan samu sauƙi don mun shirya da wuri.

A ƙasa baki ɗaya mutum miliyan 93 da ɗoriya ke da rajista amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin 100, mafi ƙaranci tun 1999. Ba zan ɗora wa ambaliya duka ba, akwai kuɗi akwai mai akwai fushi. Amma fushin nan ma fa daga ruwan ya fito a wajenmu, mutumin da ya kwana a ajin firamare da iyalinsa sai a Fabrairu ya ga 'yan siyasa da taliya da atamfa, in ka ce ya fito sai ya tambaye ka ina suke lokacin da jinga ta ɓalle.

Da damina ta kawo kai mun yi aikin gayya, cika buhunan yashi a bakin jinga da yashe kwatoci, mun kuma raba ledoji masu kauri don ajiye kati da takardu, abu ƙarami ne amma na fi alfahari da shi.

Shekara mai zuwa muna so mu rubuta sunan duk wanda ya rasa kati unguwa-unguwa, da an buɗe rajista mu raka su a makon farko kafin damina. Wakilan unguwanni kowa ya zo mitin da littafinsa, masu bashin kuɗin wata kuma don Allah a cika.

Naku,
Sakatare