Zuwa ga Ɗana, Sabon Kansila

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Labarin rantsar da ku ya iso mu, Allah Ya taya ka riƙo.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro. Ranar da kuka zauna kan kasafin kuɗi, kada bakinka ya mutu idan aka zo kan rijiyar burtsatse, da yashe kwatoci, da asibitin sha-ka-tafi.

Shekara 30 na yi ina duba-gari. Na ga daminar da amai da gudawa suka shigo unguwarmu. Gidan mai tanki da ruwan leda ko ciwon kai ba a yi ba, amma a bayan katangarsa, inda ake shan rijiyar da kwata ke malalawa ciki, gawa uku aka fitar a mako guda. Mai hali idan ɗansa ya kwanta, sai asibitin kuɗi, in abin ya faskara sai Masar ko Indiya. Talaka kuwa asibitinsa shi ne wanda hukuma ta gina. In babu magani a can, to babu ke nan.

Gwaggonka ma ai haka ta tafi. Naƙuda ta kama ta da dare, muka ɗora ta a amalanke, muka tarar da ɗakin haihuwa da kwaɗo a ƙofa. Ajali na Allah ne, ban musa ba. Sai dai wannan kwaɗon mutum ne ya ɗana shi.

Har a Amurka, wani bincike na 2016 ya nuna attajiran ƙoli sun fi talakawan ƙarshe tsawon rai da kusan shekara 15 a tsakanin maza, kuma talakan da ke zaune a garin da hukumarsa ke kashe wa jama'a kuɗi ya fi daɗewa a duniya.

A 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ko kuɗin sun iso cif ko an gutsure, abin da ya zo hannunku kada ya ƙare a fentin sakatariya da motar ciyaman. Ka riƙa leƙa asibitin mazaɓarka bayan isha'i, ba tare da sanarwa ba, ka ga ko ungozoma tana nan.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka turo mata yaran in an yi hutu.

Naka,
Baba