Kuɗin hoto ɗaya ne a hannuna, masu ciwon baya biyu

Assalamu alaikum Likita. Ina gaishe ka da aiki, da kai da abokan aikinka na gidan rediyo. Ni matar aure ce a unguwar Bolari, nan cikin Gombe.

Maigidana ɗan dako ne a Tudun Hatsi. Da kakar nan ya sunkuya zai ɗaga buhun masara, sai ya ji bayansa ya amsa, ƙugu ya riƙe. A asibiti likita ya kwantar da shi, ya ɗaga masa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa masa gwiwa da 'yar gudumar nan ta roba, ya tambaye shi lafiyar fitsari da bayan gida. Sannan ya ce ba sai an yi hoto ba, yawancin irin wannan ciwon yana lafawa cikin mako 4 zuwa 6, ya sha magani ya riƙa ɗan tattaki, kada ya lazimci katifa. Maigida ya dawo rai a ɓace. A wurinsa, likitan da bai sa ka cikin na'ura ba bai duba ka ba. Abokansa na kasuwa kuma sun cika masa kunne da MRI, hoton nan da ake shigar da mutum cikin na'ura a ga cikin jikinsa. Yanzu na kwashi adashina, idonsa yana kan kuɗin, alhali da kansa yake tafiya masallaci, jiya ma har keke ya hau.

Ni kuwa hankalina yana kan surukina, Baba, da muke gida ɗaya. Shi ba ya ƙorafi. Tun kafin damina ta ɗauke yake fama da tsakiyar bayansa, ba faɗuwa ya yi ba, ba kaya ya ɗauka ba. Ciwon ya fi taso masa da dare, kwanciya ba ta rage shi. Da asuba idan na je ɗauko shimfiɗarsa sai in tarar zufa ta jiƙa ta sharkaf, ga sanyin hunturu. Ya rame har sai ya ƙara ɗaure mazagin wandonsa. Kwanan nan na lura yana jan ƙafar hagu, takalmi yana suɓuce masa bai sani ba. An kai shi wurin mai ƙaho, an sayo masa diclofenac a kemis, yana ta sha, ni kuma ina tsoron abin da zai yi wa cikinsa da ƙodarsa. Shekarun baya an ɗora shi kan maganin tarin fuka na wata 6, da tarin ya tsaya sai ya ajiye maganin.

A wani shiri na ji ka ce tarin fuka yana iya kama ƙashin baya, ya ci shi har ya danne laka, kuma rama da zufar dare da mutuwar ƙafa alamu ne da ba a jira da su. Ka kuma ce mutane da yawa da babu abin da ke damunsu, idan an yi musu MRI sai a ga faifan ƙashin bayansu ya ɗan turo, hoton ya zo ya tayar musu da hankali a banza.

To Likita, shin Baba ne ya kamata ya shiga na'urar? Idan shi ne, hoton ƙashi na eksire zai wadatar, tunda ya fi araha, ko dole sai MRI saboda shi ke nuna laka da jijiyoyi? Mu fara da wurin gwajin majina ne, ko mu wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya kai tsaye? Shi kuma maigida, me zan gani a jikinsa in san jiran ya isa haka?

Don Allah ka amsa a shirin, ba ta waya ba. Maigida yana sauraro, kuma maganar da zai ƙi daga bakina zai karɓa daga naka. Kuɗin suna nan ban taɓa ba.

Taka mai sauraro,
daga Bolari, Gombe