Wasiƙar godiya ga ofishin lauyoyin da ke bin wa jama'armu diyya a Bronx

Zuwa ga babban lauya da dukkan ma'aikatan ofishi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mun rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne saboda yaba kyauta tukwici, kuma saboda 'yan'uwanmu direbobin tasi da masu kai saƙo da masu aikin gini a New York su san irin aikin da ya kamata lauya ya yi wa wanda ya ji rauni.

Abu na farko da muke gode muku a kai shi ne yadda kuke tsare wa'adi. Mutanenmu mutane ne masu haƙuri. Mota ta bige mutum, ya ce ƙaddara ce, ya kwanta jinya, sai kuɗin asibiti ya kai masa iya wuya sannan ya nemi lauya. Galibi sun ji cewa dokar jihar New York ta ba da shekara 3 a shigar da ƙarar rauni, kuma haka ne. Abin da ba su sani ba, wanda ku kuke faɗa tun zaman farko, shi ne akwai gajerun wa'adodi a ƙarƙashin wannan. Takardar neman inshorar mota, wadda ke biyan magani ba tare da duba wa ke da laifi ba, kwana 30 ne. Inshorar ce ke ɗaukar har dala 50,000, ciki har da kashi 80 cikin ɗari na albashin da aka rasa, amma ba fiye da dala 2,000 a wata ba. Idan kuwa bas ɗin birni ne ya yi ɓarnar, ko motar wata hukumar birnin, dole takardar sanarwa ta isa ga hukumar cikin kwana 90, ƙarar kuma cikin shekara ɗaya da kwana 90. Idan direba ya bige mutum ya gudu, rahoton 'yan sanda cikin awa 24 ne ke buɗe ƙofar asusun MVAIC, wanda ke biyan waɗanda mota marar inshora ko wadda ta gudu ta bige. Wanda ya ji ciwo a wurin aiki yana da kwana 30 ya sanar da maigidansa a rubuce.

A nan ne amfanin lauyan gida yake fitowa. Ƙetara gadar George Washington kawai, a New Jersey, wa'adin shigar da ƙarar rauni shekara 2 ne. Shawarar ɗan'uwa da ke wata jiha, ko da da kyakkyawar niyya ya bayar, tana iya jawo asarar haƙƙi ɗungurungum. Ku kun san kotun Bronx da ke kan titin Grand Concourse, kun san yadda layin shari'unta ke tafiya, shi ya sa ba ku yi wa kowa alkawarin gama shari'a cikin wata uku.

Na biyu, maganar kuɗi, inda zumunci ya fi lalacewa tsakanin lauya da mai ƙara. Kuna zaunar da mutum da tafinta, ku karanta masa yarjejeniya layi-layi kafin ya sa hannu: ba ya biyan ko sisi a farko, ladanku kashi ɗaya ne cikin uku na abin da aka samu, in ba a samu ba babu lada. Ba ku tsaya nan ba. Kuna nuna masa cewa kuɗin karɓo takardun asibiti da na likitan da zai ba da shaida za su fita daga ciki, kuma idan inshorar lafiya ta gwamnati, wato Medicaid ko Medicare, ta biya jinya, sai an mayar musu da nasu. Kuna gaya masa cewa idan aka ɗora masa kashi 20 na laifin haɗarin, kashi 20 za a zare daga diyyarsa. Wannan magana ba ta da daɗin ji. Amma gara a ji ta ranar farko da a ji ta ranar karɓar cek.

Akwai kuma gargaɗin da kuke maimaitawa har mutane suka haddace. Kada a daina zuwa wurin likita don an ɗan ji sauƙi, domin kamfanin inshora zai ce tazarar nan shaida ce ta warkewa. Kada a yi wa wakilin inshorar ɗaya ɓangaren bayani yana naɗa. Al'adarmu ce a tambaye ka jiki ka ce da sauƙi, alhali ba ka iya juya wuya, kuma wannan kalma ɗaya tana iya zama hujja a kanka. Kada a sa hannu a takardar sulhu kafin a san iyakar raunin, saboda in an sa an rufe maganar ke nan. A kuma yi hattara da dillalan da ke bin mutum har gadon asibiti da katin wani lauya, tunda ƙa'idar aikin lauya a jihar ta hana farautar mai rauni cikin kwana 30 na farko.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne yadda kuke karɓar marasa takardun zama. Tsoro yana sa da yawa su haɗiye ciwo su yi shiru. Ku ne kuka bayyana musu cewa tun 2006 babbar kotun jihar, a shari'ar Balbuena, ta yanke cewa rashin takardun zama kaɗai ba ya hana ma'aikacin da ya ji rauni neman albashin da ya rasa.

Roƙonmu ɗaya ne: ku ƙara tafinta mace, domin iyayenmu mata ba sa sakin jiki su bayyana ciwonsu a gaban namiji.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira, ya tsare ku da iyalanku.

Naku,
Dattawa da masu ziyarar marasa lafiya, a madadin Hausawa mazauna Bronx