Ruwan da Ake Narka Sinadari a Ciki Ba Mazubi Ba Ne Kawai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini.

Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a wata sakandare a Tudun Wada. Na daɗe ina koya wa yara cewa ruwa ko sifirit ɗin da ake narka abu a ciki mazubi ne kawai. Ashe kuskure nake shukawa, kuma abin ya dame ni.

Makon jiya na shiga aji da kwalbar ruwan tonik, wani lemon kwalba mai ɗan ɗaci, da gishiri, da 'yar tocilar nan da 'yan kasuwa ke haska kuɗi don gane jabu. Muka rufe tagogi. Ina haska kwalbar sai ta ɗauki shuɗin haske, aji ya yi tsit. Kwinin ne a ciki, maganin zazzaɓin cizon sauron da iyayenmu suka sani. Ƙwayarsa in ta haɗiyi haske ba ta daɗewa riƙe da shi. A raba sakan ɗaya gida biliyan, to kashi 19 ko kusa da haka take yi, sai ta amayar da shi launin shuɗi. Na zuba gishiri cokali guda na girgiza, nan take hasken ya dushe. Wata yarinya ta ce, "Malam, maganin ya mutu?" Yana nan daram. Sinadarin kulorayid da ke cikin gishirin ne ke karo da ƙwayar kwinin, ƙarfin ya bi iska a zafi kafin ya fito a haske.

Mun gwada da ganyen zogale ma. Korensa a cikin sifirit ja wur yake haskawa, da muka ƙara ruwa ƙwayoyin suka cure, jan ya ragu.

Tun 1852 masanin kimiyya George Stokes ya yi bayanin hasken kwinin a Ingila, amma har yau yaranmu sai haddar allo. Alhali garinmu Kaduna a da garin masaƙu ne, tun 1957 aka fara saƙa a Kakuri. Baba ma, wato shuɗin rinin marina, abin da ya sa yake jure rana shi ne saurin da yake mayar da ƙarfin haske zafi kafin ya lalata shi. Duk mai son farfaɗo da masaƙun nan yana buƙatar matasan da suka san wannan.

Don Allah ku ware mana shafin kimiyya da Hausa, ko sau ɗaya a wata. Ni a shirye nake in fara aiko da gwajin zogalen.

Naku,
Wani malamin kimiyya,
Tudun Wada, Kaduna.